Koren Fenti a Ɗaki: Ado Ne, Ba Ibada Ba

'Yan'uwa Musulmi, mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san lokacin da adon ɗaki bai wuce a shafe bango da farar ƙasa ba, a jera kwalla da tasoshi. Yanzu kuwa, da ɗan kasuwa ya ci riba, ko ma'aikaci ya sami ƙarin girma, sai a kira mai fenti. Da yawanmu kore mai duhu muke zaɓa, har wasu na cewa launin Musulunci ne, yana jawo albarka.

Ba mu musun cewa kore abin so ne. Alƙur'ani Mai Girma ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da shi, kuma Suratur Rahman ta ambaci gonaki biyu waɗanda korensu ya ciza har ya yi duhu. Wanda duk ya je Madina ya san yadda zuciya ke yi in ta hango Koriyar Ƙubba.

Amma mu duba tarihi. A shekarar 1279 ne Sarkin Masar Ƙalawun ya fara gina ƙubba bisa kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a shafa mata kore ba sai 1837, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Biyu. Shi kansa Manzon Allah, ɗakunansa na tubalin ƙasa ne da zarben dabino. Ashe albarkar gida tana wurin mazaunansa: salla kan lokaci, cin halal, da kyautata wa iyali.

Saboda haka fenti al'amarin duniya ne, sai a yi shi da hankali. Launi mai duhu shanye haske yake yi. Ɗakunanmu tagoginsu ƙanana ne, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. In aka shafe bango huɗu da kore mai duhu, dattijo zai wahala kafin ya ga baƙin Alƙur'ani da asuba, sauro kuwa ya sami maɓoya, don wuri mai duhu yake so. Dabara ita ce a shafa shi a bango guda, ko daga ƙasa zuwa ƙugu inda hannun yara ke kaiwa, a bar sama da rufi fari.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Wasu fentin mai, musamman kore da rawaya, ana haɗa su da dalma. In bango ya fara ɓamɓarewa, yaro mai rarrafe ya kai ɓarɓashin baki, dalma na taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. 'Ya'ya amana ce a wuyanmu. Mu karanta jikin gwangwani, mu tambayi mai sayarwa, ɗakin yara kuwa fentin ruwa ya fi. Ku kuma masu kantin fenti, ɓoye aibin haja ha'inci ne.

Allah Ya sa gidajenmu su zama wuraren ambatonSa, amin.