Kasuwar da Ba a Gaisawa

Wani tsohon ɗalibinmu ya zo hutu Yalwa, ya nuna mana wasan intanet mai suna RuneScape, wanda aka fara a Ingila a 2001. A da, in ji shi, 'yan wasan sukan taru a dandali guda da hajarsu, ana tayi ana cewa albarka, har baƙo ya zama aboki. A 2007 aka buɗe musu wata rumfa: ka rubuta abin da kake so da farashinsa, na'ura ta sayo maka daga wanda ba ka sani ba. Cuta ta ragu, amma dandalin ya watse.

Muka yi shiru, gama mun tuna da kasuwar Rano. Gishiri da manja kaɗai kan kai mu, amma sai mu yini. Can muke jin wanda ya kwanta ciwo a Kibiya, da wanda gobara ta cinye wa rumbu. Yanzu mukan tura kuɗi ta waya, ɗan acaɓa ya kawo kayan. Gaskiya mun huta, malami ba shi da yinin ɓatawa. Amma tsohuwar da ta shekara ashirin tana auna mana manja, sai da ta yi mako biyu a kabari kafin muka ji.