Wace majami'a za ni? Tambayar baƙon Lahadi

Duk watan Oktoba, in lekol ta koma, garuruwanmu sukan cika da baƙi: ɗalibban da suka ci bak suka taho jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram ko Tawa ko Yamai, da malamai da ma'aikatan likita da aka yi wa canjin wurin aiki. Cikinsu akwai ɗiyan Kirista daga Dogon Dutsi, Galmi, Tsibiri da ƙauyukan Agye. Kuma duk shekara tambaya guda ce ke shigo muna ta waya bayan an rufe shiri: "Don Allah, a garin nan wace majami'a za ni?"

Ƴan uwa Musulmi, ku yi muna haƙuri, zancen yau na cikin gidanmu ne. Amma ku ma kun san irinshi, don ba gaban kowane malami mutum ke shimfiɗa buzunshi ba.

Kakanninmu ba su san tambayar ga ba. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki su ne suka zama EERN a lokacin samun ƴancin kai. In ka cire ƴan Katolika, majami'a guda ce a gari, in ma akwai ta. Yau ko, a Yamai kaɗai, ga EERN, ga Baptis, ga Assemblées de Dieu, ga waɗanda suka shigo daga Najeriya da Benin da Togo da Gana, wasu a babban gini, wasu a ɗakin haya da kujerun roba ashirin. Kowace da allonta a ƙofa, kowace na cewa ita ce a bisa Littafi Mai Tsarki.

To, tunda kowa da Littafin yake rantsuwa, sai a tahi da Littafin. Ayyukan Manzanni sura 17 ta yaba wa mutanen Biriya saboda abu guda: Bulus da kanshi ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun koma sun binciki Nassi su ga ko haka abin yake. In an binciki Bulus, ba mu ga faston da ya fi ƙarfin bincike ba. Kuma ba mu da hujjar rashin littafi. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, yanzu ma ana samunshi cikin waya. Zauna ka saurara: mai wa'azi yana karanta sura ya bayyana ta daga sama har ƙasa, ko ko rabin aya yake fizgowa ya hau kanta awa biyu yana ba da labarin mafarkinshi? In an tashi, ka karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta. Sau da yawa nan ake gane dawar garin.

Sai harshe. Mu da muka yi lekol muna da wata ƴar cuta, in an yi wa'azi da Faransanci sai mu ji kamar ya fi nauyi. Amma dubi tsohuwar da ke zaune a benci na baya, wadda ba ta jin ko "bonjur". In ba mai fassara mata, an bar ta waje ne tana cikin ɗaki. Bulus ya daɗe a kan wannan a 1 Korantiyawa sura 14, cewa magana a cikin taro sai an fahimce ta take gina mutum.

Inda muke so mu daɗe shi ne wajen kuɗɗi, don nan ne mutanenmu ke jin ciwo. Baiko ba laifi ba ne. Fasto yana cin tuwo, ana biyan wuta da ruwa, rufin kwano yana yoyo da damana. Amma 2 Korantiyawa sura 9 ta nuna bayarwa da yardar rai ce, ba da tilas ba. In ka shiga wuri aka ce masu jikka goma su miƙe a sa musu albarka, sannan masu jikka biyar, sannan masu dala ɗari su zo daga ƙarshe kamar masu roƙo, ka buɗe Yakubu sura 2 ka ga abin da aka ce game da ba mai arziki kujerar gaba. In ana sayar da ƴar kwalbar mai ko ruwa da sunan buɗa hanyar aure ko biza, ka tuna Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa kuɗɗi don ya sayi ikon Allah, Bitrus ya tsawata mishi. Kuma ka yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi: wa ke ƙirga baiko? Mutum nawa ne? Ana karanta wa jama'a lissafi a ƙarshen shekara? Ikilisiyar farko ma da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, ba a ce wa masu ƙorafi su yi shiru ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. 1 Timoti sura 3 ta jera halin mai kula da ikilisiya, cikinsu har da rashin son kuɗɗi da iya riƙon gidanshi. Ba a sa girman mota a jerin ba.

Abin har ya taɓa rai. Akwai wata uwa da muka sani, mai hawan jini, da aka ce wa shan magani rashin bangaskiya ne. Ta zubar da ƙwayoyinta, bayan wata biyu ɓarin jikinta ya shanye, yanzu ɗiyarta ce ta bar lekol tana jinyarta. Mu ma muna yi wa marar lafiya addu'a, kuma mun gaskata Allah na warkarwa. Sai dai waɗanda suka gina Galmi da asibitin kutare na Danja masu addu'a ne, ba su ga saɓani tsakanin durƙuso da allura ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Kada ƴan tsoffin ikilisiyoyi su yi dariya, su ma da nasu. Wajen 1990 EERN ta rabu, kuma har yau akwai wuraren da dattijantaka ta zama kamar gadon gida, baƙo ya yi wata shidda ba wanda ya tambayi sunanshi. Yaro da ya baro ƙauye, in nan an share shi can ko an rungume shi tun daga ƙofa, kun san inda za shi.

Sai maƙwabta. Ba mu manta 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, ranakun da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Ba mu manta kuma da Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kirista ba. Mu ƴan kaɗan ne a ƙasar ga, kuma da yawanmu kawu da gwaggo Musulmi ne, tare muke suna da jana'iza. Mai wa'azin da ke ɗaukar lasifika yana zagin addinin mutane, gobe yana iya kama mota ya koma inda ya fito, mu ne za mu kwana a unguwar. 1 Bitrus sura 3 ta ce a ba da amsar bangaskiya da tawali'u da ladabi. Wannan ma koyarwa ce, a saurare ta a bagade.

Ga ɗalibin da ya kira mu, Lahadi guda ba ta isa ba. Ranar Lahadi kowa da kayan ado, mawaƙa sun yi shiri, ganga na tashi. Je ka nazarin Littafi na tsakiyar mako, inda mutum goma sha biyu ne ƙarƙashin fitila guda, ka ɗaga hannu ka yi tambaya mai wuya, ka ga ko za a buɗe maka sura ko za a ce kada ka taɓa shafaffen Allah. In majami'u biyu duk sun tsaya daidai, ɗauki ta kusa da ɗakinka, don kuɗɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sau biyu a mako ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiran burs. Kuma ka kira faston garinku ya rubuto maka takardar shaida, ka miƙa wa dattawan inda ka zauna, su san ɗan wa suka karɓa.