Aji Mai Waya Ɗaya

Duk manhajar da aka kawo mini aka ce kyauta ce ga malamai, tambayata ta farko ɗaya ce: in an ɗauke wuta, data kuma ta ƙare, za ta buɗe? Fiziks da lissafi nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati a wajen birnin Kano. Ajina ya haura ɗalibi saba'in, dokar makaranta ta hana su shigowa da waya, kayan aikin da ke akwai su ne wayata da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ba ya kai awa guda.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, an yi ta kwaɗaita mana Google Classroom da Kahoot. Ba ni da ta cewa a kan ingancinsu, sai dai an ƙera su ne don inda kowane yaro ke da na'ura a gabansa. Namu yaran sai uba ya dawo daga kasuwa bayan isha'i ake ara musu waya, ita ma na ɗan lokaci. Abin da ya riƙe karatu a lokacin rediyo ne da WhatsApp. A nan na koyi gajarta magana: saƙon murya da bai wuce minti uku ba, da hoton allo guda mai rubutu manya-manya. Bidiyo mai nauyi kuwa ba mai saukewa, don kuɗin cefane zai ci.

Wanda ya fi yi mini amfani har yau shi ne PhET na Jami'ar Kolorado da ke Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, shi ya fara shi a 2002. Gwaje-gwajen kimiyya ne da ake kwaikwayonsu a fuskar kwamfuta, kuma kowanne ana iya sauke shi sau ɗaya a ajiye, ya yi ta aiki ba intanet. Da datar dare mai araha nake saukewa, in tura wa abokan aiki ta Xender. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce sai ya shiga aji zai nemi sabis, kararrawa za ta same shi yana ɗaga waya sama a bakin taga.

A cikin gwaje-gwajen akwai na haɗa wayar lantarki, mai batir da ƙwan fitila da makunni. Kafin in taɓa komai nakan zana haɗi iri biyu a allo, ɗaya ƙwayaye a jere kan layi guda, ɗaya kowane ƙwai da nasa layin, in ce: in na cire ƙwai ɗaya, me zai faru da saura? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, a ɗaga hannu, in ƙirga in rubuta a gefen allo. Sai a yi ta musu. Bayan nan ne suke zuwa rukuni-rukuni su kewaye kwamfutar, ɗaya daga cikinsu ya cire ƙwan da hannunsa. Wata rana wani yaro da ke bin mai gyaran wuta a unguwarsu ya ce, "Malam, ashe shi ya sa in ƙwan ɗakin Baba ya ƙone na tsakar gida ba ya mutuwa." Darasin ya shiga ke nan. In kuwa aka buɗe musu ba tare da wannan cankar ta farko ba, kallo kawai za su sha, su tafa, washegari ka tambaya ka ga ba komai a ƙasa.

Duk da haka PhET ba ya maye gurbin ɗakin gwaji. Ranar jarrabawar aikin hannu ta WAEC wayar lantarki ta gaske za a miƙa wa yaro, mai tsatsa a baki, ba ta kamawa sai an kankare. Don haka bayan kwamfuta nakan fito da batiran tocila da ƙananan ƙwayaye, su ga yadda abu ke ƙin ci a zahiri.

GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya ƙirƙira a Ostiriya, yana yi mini irin wannan aikin a lissafi: ka ja lamba ɗaya, layin jadawali ya lanƙwasa a gaban idonsu. Bidiyon Khan Academy kuwa na daina nuna wa ɗalibai. Turancin yana musu sauri, misalan da dala da mil ake yi, jerin darussan kuma bai bi manhajar karatunmu ba. Ni nake kallo da daddare, in ɗauki yadda aka jera bayani, in zo in yi nawa da naira da kilomita, inda ya cije in juya zuwa Hausa. Makarantar da ke da kwamfutoci ko da goma ne, ta nemi Kolibri: ana zuba darussa a kwamfuta ɗaya, sauran su jona da ita ba tare da intanet ba. Kiwix ma haka yake ɗauke Wikipedia a ajiye.

Plickers ne kaɗai na gani da ya yi tunanin aji irin namu. Ana buga wa kowane ɗalibi kati mai wani zane baƙi, gefensa huɗu su ne A da B da C da D. Ka yi tambaya, kowa ya juya gefen amsarsa sama, kai kuma ka zagaya da kyamarar waya, nan take ka ga wa ya gane. Maƙwabcinka ba ya iya karanta katinka, saboda haka ba satar amsa, ba kunya. Ta nan na gano 'yan matan layin baya da ba sa ɗaga hannu sun fi masu surutun gaba fahimta nesa ba kusa ba. Cikas ɗinsa biyu: katunan 63 ne iyakarsu, sai wasu su haɗa kati, sannan yana son sabis. Manna katin a jikin kwali kada ya yage, amma kar ka rufe shi da leda mai ƙyalli, kyamara ba ta karantawa.

Da Hausa abin ya yi ƙaranci. Wata malamar firamare ta nuna mini African Storybook, inda take samo gajerun labaran Hausa masu hotuna tana bugawa a takarda. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Amma bayanin kimiyya na matakin sakandare da Hausa mai daɗin karatu, ko a Wikipedia ta Hausa sai ka tona. Mu malamai ne ya kamata mu rubuta shi, amma kowa na jiran wani.

Akwai kuma wani dalili da ya sa nake matsa wa kowane ɗalibi ya taɓa kwamfutar nan ko da minti biyu ne. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya. Na ga yaro mai ƙoƙari ya dawo yana cewa hannunsa ne ya yi ta rawa, rabin lokaci ya tafi wajen neman yadda zai wuce zuwa tambaya ta gaba. Yanzu 'yan ajin ƙarshe nakan haɗa musu tambayoyi a Google Forms, su zauna ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo. Lambar rajista nake sawa maimakon suna, hotonsu kuma ba na ɗorawa a ko'ina. 'Ya'yan mutane ne, ba a tambayi iyayensu ba.

Data da bugun takarda da cajin waya duk daga aljihun malami suke fita, wannan ba ya cikin talla. Da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara ɗan kuɗi, shugaban makaranta ya kira ni ya ce majigi za a saya. Na ce, "Ranka ya daɗe, majigi sai da wuta, ajinmu kuma ba labule. A sayo mana faifan sola ɗaya da batir." Ya yi jim, ya ce baƙi in sun zo majigi suke gani. Aka kai maganar gaban iyaye, wani dattijo mai shagon caji ya tashi ya lissafa musu kuɗin man janareta na zango ɗaya. Solar aka saya.