Bob da Sanyin Disamba

A hotunan James Bowen da muzurunsa Bob, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan gyalen ulu da ke wuyan Bob. A da, masu wucewa ne ke saƙa masa irinsa, su kawo bakin tashar Angel a Landan, inda James ke sayar da mujallar Big Issue. Wani ya zauna a ɗakinsa da zare yana saƙa saboda dabbar da ba tasa ba. A 2007 James ya tsinci Bob da ciwo a ƙafa, lokacin shi kansa yana fama da barin ƙwaya bayan shekarun kwanan titi, amma ɗan abin da ke aljihunsa ya kashe wajen magani. Kafin nan jama'a na gifta shi ko kallo babu. Sai da Bob ya hau kafaɗarsa suka fara tsayawa, har su tambayi sunansa. Abin yana sanyaya mini zuciya, yana kuma yi mini zafi, na kasa raba biyun. Kiristoci na cewa Kirsimeti ta faro ne da jariri a komin dabbobi a Baitalami, domin babu wuri a masauki, kuma ina jin James ya san nauyin wannan rashin wuri fiye da yawancinmu. Bob ya mutu a 2020. Masu sayar da mujallar suna nan tsaye cikin sanyin Disamba, galibinsu babu mage a kafaɗa, kuma su nake ta tunani, ko akwai mai tsayawa ya gaishe su.