Daga Jos Zuwa Yankari: Yadda Za a Raba Kwana Huɗu

Idan hutun makaranta ya zo, iyalai da yawa sukan yi marmarin fita su ga ƙasa. Amma sau da yawa maigida yakan cusa wurare biyar cikin kwana biyu, sai a wuni cikin mota, yara suna kuka, uwargida ta gaji, kuɗi kuma su ƙare tun ba a juyo ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Bari mu ɗauki tafiya guda, daga Jos zuwa Yankari, mu ga yadda za a raba kwanakin domin kowa ya ji daɗi.

Da fari a zaɓi lokaci. Rani ya fi kyau, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, gama a lokacin ciyawa ta bushe, namun daji kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji domin shan ruwa. Da damina kuwa daji yakan yi duhu, sai mutum ya wuce kusa da giwa bai gan ta ba.

Rana ta fari a zauna cikin Jos. Da safe a kai yara gidan kayan tarihi wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, su ga kawunan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda aka gina fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wuri ɗaya ya isa. Da yamma a duba mota, a ɗaure kaya, a kwanta da wuri. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200, saboda haka baƙi kada su manta da rigar sanyi.

Rana ta biyu ta hanya ce. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne. In an tashi da ƙarfe bakwai, za a isa kafin rana ta yi zafi. A tsaya a ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista na farko na Nijeriya, wanda aka kashe a Janairu 1966. Sa'an nan a ci abinci, a sayi ruwan sha da 'ya'yan itace, a cika mota da mai. Sauran tafiyar wajen kilomita 110 ce, a bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima. A yi ƙoƙari a isa masauƙin Wikki kafin la'asar. Kada a yi tafiyar dare da iyali ko kaɗan.

Rana ta uku ita ce zuciyar tafiyar, kada a haɗa ta da wani abu. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa kuwa ya fi murabba'in kilomita 2,200. Da sassafe a fita tare da ɗan jagora, gama namun daji suna yawo da sanyin safiya, in rana ta take sai su shiga inuwa. Mai yiwuwa a ga giwa, da ɓauna, da gwanki, da mugun dawa. Da tsakar rana a huta. Da yamma a gangara maɓulɓular Wikki, wadda ruwanta garau ne, ɗuminsa kuma yana nan wajen digiri 31 dare da rana. Babba ya tsaya kusa da ƙananan yara cikin ruwa. A kuma rufe ƙofar ɗaki da kyau, domin biran wurin sun saba da mutane, sukan fizge abinci har daga hannu. Da dare a kwana cikin gidan sauro.

Rana ta huɗu a juyo da safe. In akwai dangi a Bauchi, a tsaya a gaisa, gama zumunci a ƙafa yake. A bar wa iyali yini guda a gida kafin a koma aiki ko makaranta.

Game da kuɗi, tun ana gida a lissafta na mota, da na masauƙi, da na abinci, da na shiga daji. Sa'an nan a ware wani abu dabam wanda ba za a taɓa ba sai taya ta fashe ko yaro ya yi zazzaɓi. Maigida kada ya yi shirin nan shi kaɗai. A zauna da uwargida da yara, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so ya gani. Wanda ya fi kowa rauni, ko jariri ko tsohuwa, da ƙarfinsa za a auna tafiyar kowace rana. Abin da kwana huɗu bai ɗauka ba, a bar shi sai wani hutun.