Dala Ɗari a Kasuwar Malanbil

Shekara goma sha takwas ke nan ina koyar da lissafi a makarantar ekklesiyarmu, amma ranar da na fi shan kunya a kan lissafi ba a cikin aji ba ne, a gaban tiren albasa ne.

Lokacin hutu ne, na ɗauki ɗana na fari muka tashi daga Bagudo, muka bi ta Lolo, muka ƙetare iyaka zuwa kasuwar Malanbil a ƙasar Benin, wadda tsofaffinmu suka sani da Dahomey kafin a sāke mata suna a 1975. A hanya yaron ya tambaye ni ko garin malamai ne, shi ya sa ake ce masa haka. Na yi dariya na ce a'a, sunan wani gwamna Bafaranshe ne, Henri Malan. Ina ta jin daɗin sanina, ban san abin da ke jirana ba.

Na canja kuɗina zuwa sefa, na tsaya wurin wata tsohuwa mai albasa. Na ce, "Inna, nawa kashi?" Ta ce, "Dala ɗari." Na duba kwabban da ke hannuna, na ga ɗaya an rubuta masa 100, na miƙa mata, na sunkuya zan kwashe. Sai ta dafe tiren ta ce, "Malam, ashirin ka ba ni. Saura tamanin."

Nan take raina ya ɓaci. Na ɗauka ta ji harshena ta gane baƙo ne, tana so ta cuce ni. Na ɗaga murya, na nuna mata lambar da yatsa, na ce ko yaron aji ɗaya ya san wannan ɗari ce. Har kalmar zamba na faɗa, a gaban ɗana, a gaban jama'a. Ita kuwa ba ta ce mini uffan ba.

Wani dattijo mai canjin kuɗi ne ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, a nan abin da aka rubuta dabam, abin da baki ke faɗa dabam. Dala ɗaya sefa biyar ce." Ashe kwabon 25 dala biyar ne, na 50 dala goma, na 100 dala ashirin. Dala ɗari kuwa 500 ke nan, 1,000 kuma jaka. Haka ake ƙidaya a Nijar ma, da Hausa da Zabarmanci duka. Yarinya mai talla wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana raba kowace lamba gida biyar a kanta, tun safe har yamma, ba kuskure. Ni kuwa nakan yi mako biyu ina fama da yara a kan teburin biyar.

Da na koma gida sai na bi sawun kalmar, gama abin ya tsaya mini a rai. To, mai karatu, dala ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso mana. Wajen shekara ta 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a wani kwari da ake kira Joachimsthal, a ƙasar Cek ta yanzu. Sunan ya yi wa mutane tsawo, suka gutsure shi suka ce "thaler". Daga nan dalar Amurka ta samo sunanta, daga nan kuma tamu ta samo. Watau 'yan uwan juna ne, ko da yake ɗaya ta yi arziki ta bar ɗaya.

Wadda ta fi shiga ƙasar Hausa ita ce mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Austiriya, mace mai 'ya'ya goma sha shida. A bayan kuɗin akwai gaggafa mai kai biyu. Fatake ne suka riƙa kawo ta daga Tarabulus ta hamada. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana bakin wuri 2,500. Abin mamaki, sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa, domin 'yan kasuwa ba su yarda da wanda aka sāke wa kama ba. Har a London da Bombay an buga shi, duk da 1780.

Da Faransawa suka zo da babban kuɗinsu na azurfa mai faran biyar, girmansa ya yi kusa da nata, sai mutane suka ce ai dala ce. A wajenmu kuwa, inda Ingilishi suka yi mulki, sule biyu aka laƙaba wa sunan. Kalma ɗaya, iyakar da Turawa suka shata a 1898 ta raba ta biyu, kamar yadda ta raba Illo da Nikki.

Mu ma fa ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Naira ta shigo a 1973, amma kakata har ta rasu naira biyu fam take ce mata, kwabo goma sule, naira ɗari biyu kuwa jaka, gama fam ɗari ake ɗaurewa a jaka ɗaya. Na girma ina jin wannan, ban taɓa ce mata mai zamba ba.

A ran nan dai na koma wurin tsohuwar, na cire hula na ce, "Inna, ki gafarce ni, ni ne ban iya ƙidaya ba." Ta ce, "Ba kome, Malam, kowa baƙo ne a wani wuri." Na cika mata tamanin ɗinta, ta ƙara wa yaron albasa uku gyara.

Akwai wata tsohuwar azurfa mai huji a akwatin da kakata ta bari, wadda takan rataya a wuya ranar biki. Na sa ɗana ya goge ta da toka da lemun tsami, muka kai ta bakin fitila. Ya karanta mini lambar a hankali: 1780.