Kududdufi Da Butar Alwala

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, ni haifaffen cikin badala ne, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kakanninmu sun gina birnin nan ba tare da almubazzaranci ba. Su haƙi ƙasa su yi tubali, su yi rufi da azara, ga katanga mai kauri da ke tare zafin bazara da sanyin hunturu. Da irin wannan gini aka kafa Gidan Rumfa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ne kududdufi, in damina ta faɗi ya shanye ruwan unguwa. Toka da kashin dabbobi kuwa, jakai ke kai su gonakin bayan gari su zama taki.

Yau mun cike kududdufai mun ɗora siminti, leda ta toshe kwatoci har zuwa Jakara. Ruwa kuma ba ya rasa hanya, sai ya faɗa ɗakuna, katangu su rufta kan bayin Allah.

Ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) da mudu guda yake alwala, kimanin cikin tafi biyu. To, ina ga mu masu sayen jarka wurin 'yan garuwa? Shi ya sa kullum nake ce wa ɗalibaina: buta ɗaya ta isa, ruwan alwala a tara wa shuka, leda kuma kada ta shiga kwata.

Allah Ya tsare mu da israfi, amin. Wassalam.